Falle Huɗun da Kika Roƙa Daga Alƙur'anin Kakanki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko a ɗakinki kika buɗe ta yau, ko a mota gobe bayan kun bar Yamai. Allah Ya tsare ki a hanyar Lome, Ya tsare ki a can, Ya haɗa ki da malamai na kirki da maƙwabta masu tsoron Sa.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naki a nan Banifandou, amma kin san halina. Ke ce 'yar fari, sunan mahaifiyata gare ki, kuma ni tun ina yarinya bakina nauyi gare shi. Abin da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba, hannuna zai iya.

Shekaranjiya kika same ni ina tsince shinkafa, kika ce, "Mama, ki ba ni falle huɗun nan masu zayyana na Alƙur'anin Kaka Malam. Zan sa su a gilashi, in rataye a ɗakina, in nuna wa malamanmu na zanen gine-gine cewa mu ma muna da namu." Na ce miki sai na yi tunani. Na yi. Ba zan cire su ba. Kada ki ɗaure fuska tukuna, ki karanta har ƙarshe. Labarin da zan ba ki kin ji gutsattsarinsa a bakin kawunnanki suna dariya, amma ba ki taɓa jin sa a jere daga bakin mai shi ba.

Ina lise, wato sakandare, ina zaune a gidan Baffa Sani tela a unguwar Maourey, nan Yamai, fari ya kai inda ya kai. Damina ta zo ta wuce a ƙauyenmu na ƙasar Damagaram ba a zuba komai a rumbu ba. Baba, wato kakanki, ya sallama abin da ya rage na dabbobi, ya ɗauko Inna da ƙannena suka zo suka same mu. Na je tarbarsu a tasha. Kowa ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da ƙunshinsa a ka, shi kuwa ya sauko da gafakar nan rataye a wuya, ya riƙe ta da hannu biyu a ƙirji. A cikinta akwai Alƙur'anin da ya rubuta da ka tun yana saurayi, ya yi masa wasali da jan tawada, ya zayyane shi da kansa. Falle-falle ne, ba ɗinki, ba lambar shafi, kamar yadda kike ganin sa yau. Maƙwabtanmu Zabarmawa suka sa masa suna Alfa, sunan ya bi shi har ya rasu. Ni kuma yana kirana Madamu, don tsokana, saboda ni kaɗai ce a 'ya'yansa aka sa lakwal, makarantar boko.

Kullum ina ganin littafin nan, ban taɓa duban sa ba. A wurina zayyana kamar lalle ce, ado ne da ake yi bayan an gama aiki.

Muna da wata malamar zane Bafaranshiya, mace mai kirki. Wata rana ta kawo mana hotunan bangayen masallatai na wasu ƙasashe, ta ce wa ke da irin wannan a gidansu. Aji ya yi shiru. Ni da ban taɓa ɗaga hannu ba sai an kira sunana, ranar na ji ina son in zama mai wani abu. Washegari da safe na yi alwala, na buɗe gafaka, na zare fallen tsakiya, wanda ƙarshen Kahfi ke fuska ɗaya, zayyana da farkon Maryam ke ɗaya fuskar. Na sa shi a cikin kaye, littafin rubutuna na aji. Na gaya wa kaina kwana ɗaya ne, kuma ai Baba duka yana kansa.

Madam ta daɗe tana kallonsa. Ta yaba ƙwarai, ta ce kowa ya taso ya gani, sannan ta ɗauko ƙananan ƙusoshi ta kafe shi a bango kusa da taga. Ta ce a bar shi nan 'yan sauran azuzuwa su ma su gani. Ina tsaye, ina jin kowace ƙusa a jikina. Kullum in na zo zan ce yau zan roƙe ta, kullum in koma gida ban roƙa ba. Har aka ba da hutu, aka kulle aji. Cikin hutun nan ne muka wayi gari rediyo ba ta sa komai sai kiɗan soja, aka ce sojoji sun karɓi mulki. Ba mai zancen buɗe lakwal, balle ni in je in ce a buɗe min aji.

Dattawan unguwa suka ce a yi sauka, a roƙi Allah zaman lafiya da damina mai albarka. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Teloli suka rufe kekuna, direbobi da 'yan kasuwa suka zo, aka ɗauko gafakar Baba aka rarraba wa kowa rabonsa. A nan na fara gane dalilin da ya sa ba a ɗinke shi ba: littafi ɗaya ne, amma mutum da yawa za su karanta shi a zama ɗaya, kafin magariba an sauke. Mu mata muna ciki muna ji, muryoyi sun haɗu kamar ƙudan zuma. Sai murya ɗaya ta tsaya. Malam Idi direba ne, mutumin Maraɗi. Ya zo ƙasan shafi, ya ga kalmar da Baba ke rubutawa a can don ta nuna da me shafi na gaba zai fara, ya juya bai same ta ba.

"Alfa, an yi tsalle a nan fa," ya ce. "Ko dai ɓerayen Yamai su ma sun shiga karatu?"

"Miƙo in gani," in ji Baba. Can ya ce, "Ci gaba daga inda ka samu, ni zan cike wannan."

Baba ya cike da ka. Da aka shafa fatiha ya shigo ya same ni a bayan turmi, ina ta goge ƙwaryar da ba ta da datti.

"Madamu."

"Na'am, Baba."

"Maryama ta tafi lakwal ne?"

"Ta tafi, Baba."

"To in ta gama karatun, ki ce ta dawo gida. Ana nemanta."

Iyakar faɗan da ya yi min ke nan, kuma da ya dake ni da ya fi min sauƙi. Da aka koma lakwal na roƙi Madam, ta ba ni nan take, har tana mamakin me ya hana ni tambaya tuntuni. Na kawo shi da huda a kowace kusurwa, rawayar gefen da ke fuskantar taga ta koɗe. Baba ya mayar da shi wurinsa, ya daidaita da tafin hannu, ya ce, "Wannan da kike gani ƙofa ce. Mai karatu ya yi tafiya mai nisa, ya zo rabi, sai ya same ta, ya huta, ya shiga. Ke kuma kin cire ƙofar kin kai wa mutane su ga kyanta, kin bar ɗakin a hangame."

Uwani, abin da kika roƙa ke nan, sau huɗu. Na san ba raini ne ya sa ki ba, so ne, irin wanda ya sa ni. A can za ki haɗu da mutanen da za su so abin namu, su yaba shi da gaske, su ce ki kawo. Ki nuna musu, ba laifi. Amma kafin ki ce abu yana da kyau, ki tambayi wane aiki yake yi a inda aka ajiye shi. Fallen nan a gilashi fuska ɗaya kawai zai nuna, ayoyin da ke bayansa su fuskanci bango har abada.

Kuskurena na biyu ɗan na farko ne, kuma ya fi shi girma.

Sojoji sun fara kai hatsin agaji ƙauyuka da manyan motoci. Baba ya samu wuri a ɗaya, zai je Damagaram ya ɗauko mahaifiyarsa da ta ƙi biyo su da farko. A kan buhuna zai zauna, cikin mutane, don haka bai ɗauki gafaka ba. Ya zo ya rataya min ita a gaban kowa, ya ce, "Madamu, riƙe min." Bayan abin da na yi. Na kwana biyu ina tunanin yadda zan nuna masa bai yi kuskure ba. Gidan ya cika da baƙi, yara ko'ina, awaki suna shiga ɗaki. Sai dabara ta zo min, na kuma ga ta yi kyau ƙwarai: in kai a ɗinke shi kamar littattafanmu na lakwal, da bango mai ƙarfi, yadda ba wanda zai sake zare falle ko ɗaya, ko ni kaina. Na manta da saukar da na gani da idona. Ban tambayi Inna ba, ban tambayi Baffa ba. So nake ya dawo ya gani, ya yi mamaki.

Akwai wani dattijo kusa da kasuwa da ke gyaran littattafan lise. Mutumin kirki ne, kada ki ji haushinsa. Da ya ga abin da na kawo ya tashi ya yi alwala kafin ya taɓa.

"Fofo, sannu, 'yar Alfa. Wannan hannun babanki ne? Allah Ya saka." Ya jera fallayen a tebur, ya bubbuga gefensu. "Takardun ba tsawo ɗaya ba ne. Sai an datse baki ya yi daidai, sannan a ɗinka. Haka nake yi wa kowane littafi."

Yana da wata babbar wuƙar yankan takarda mai dogon hannu. Ya ɗebi kashi na farko, ya matse, ya danna. Siraran takardu suka zubo cikin kwando. Na leƙa, na ga ja da rawaya. Duk alamomin da Baba ya zana a gefen shafi, na izu, na nusufi, na rubu'i, na sumuni, wuƙar ta raba su biyu, rabi a littafi, rabi a kwando. Nan take na san ɓarna ce. Amma an koya min ba a katse babba a bakin aikinsa, ni kuma na kawo da kaina. Na tsaya da hannuwa a baya kamar ana duba mu a aji. Ya ɗebi kashi na biyu. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ya danna.

Da ya sa na uku, ban san lokacin da na ɗora hannuna a kan takardun ba, a ƙarƙashin wuƙar.

"Ke yarinya, yatsun ba naki ba ne?"

Na nuna masa kwandon. Ya sunkuya ya ɗauko guda, ya kai kusa da ido. A jikinta akwai kalma, ɗaya daga cikin waɗanda Baba ya tsallake lokacin rubutu ya dawo ya cike a gefe. Dattijon ya zauna a kan benci yana salati. Littattafan ɗab'i ya saba da su, gefensu fari ne fes. Muka durƙusa mu biyu muka tsince kwandon da ƙasan tebur, na ƙulle komai a kallabina, na koma gida kaina a buɗe.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Kada ki gyara abin da ba ki gane ba tukuna, ko da zuciyarki cike take da alheri. Za a koya miki layi madaidaici, za ki dawo ki ga katangun unguwarmu a karkace, hannunki zai yi ƙaiƙayi. Ki tambayi mai katangar da farko. Na biyun kuma ya fi damuna, domin a wurina kika gaji nauyin baki. Kunya ado ce, ban hana ki ba. Amma kashi na biyun nan ba wuƙa ce ta yanka shi ba, shiruna ne. Idan kika ga abu zai lalace a gabanki, ko mutuncinki ne, ko amanar da aka ba ki, ki yi magana a karo na farko. Muryarki ta yi rawa, ba komai. Babba ne, ki gaishe shi, ki ba shi girmansa, sannan ki ce masa ya dakata.

Ranar da Baba ya dawo na bari ya ci abinci, ya yi la'asar, sannan na ajiye gafakar da ƙullin a gabansa na kwance. Inna ta leƙo ta gani, ta dafe kai.

"Na faɗa, Malam, na faɗa. Lakwal ɗin nan sai ta datse mu duka ta yi mu tsawo ɗaya."

Shi kuwa Baba ya jawo gafakar. Ya ɗauki falle ɗaya, ya bi bakin yankan da ɗan yatsa daga sama har ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da ya sauka daga kamiyo ba shi da akuya ko ɗaya. Can ya ce, "Kin kwaso duka?"

"Duka, Baba."

"To ba a yi asara ba tukuna. Aiki aka samu. Amma idona ba zai iya ba, yanar ido ta fara rufe shi. Ke za ki yi, kafin azumi, don da shi zan yi karatun azumi."

Haka babban hutun nan ya tafi. Kowace safiya muna zaure, fallayen a kan farin zane, siraran takardun a faifai, duk sun cakuɗe. Aikina in nemo wa kowane rabi ɗan'uwansa. Ranar farko na ce masa ai da sauƙi, alamar izu duk iri ɗaya ce, kowace na ɗauka za ta zauna.

"Ɗauko biyu," ya ce. "Faɗa min abin da kike gani."

"Da'ira ce."

"Bakin rijiya ma da'ira ne, Madamu. Duba."

Na duba. Ɗaya an raba cikinta kamar furen kabewa, kowane kunne rabi ja rabi rawaya. Ɗayar zobe ne cikin zobe, da ɗigo-ɗigo baƙi a tsakani, kamar saƙar faifai. Na ɗauko ta uku, murabba'i biyu ne aka gicciya suka ba da tauraro. Ta huɗu igiya ce guda take shiga tana fita, ba farko ba ƙarshe. Na zube su duka a gabana, ban samu biyu masu kama ɗaya ba. Izu sittin, bai maimaita ko ɗaya ba, kuma shekara da shekaru abin yana ɗakinmu ban sani ba.

Na riƙa kwatanta masa, shi kuma yana faɗa min gidansu. "Mai zobe da ɗigo? Nemi Sayaƙulu. Ranar jan tawadata ta yi kauri, za ki ji tudunta a yatsa." In shafa, in ji. Wani lokaci ya manta, mu yi ta gwadawa har mu dace, ya ce tsufa ne ba laifinsa ba. Muna liƙawa da ƙaro da wata takarda marar kauri da muke kwafin taswira da ita a lakwal. Regilina, sandar jan layi, nake dannawa don bakin ya haɗu ba tudu. Ya shafa na farko, ya ce, "Ashe sandar nan taki tana da rana." Ruwa kuma ya dawo a daminar nan. Ƙaro ya ƙi bushewa saboda laima, muna ƙorafi muna dariya, Baffa Sani yana leƙowa daga kan keke yana cewa mu yi shiru kada hadari ya ji ya koma.

A zauren nan na koyi kallo, kuma shi nake so in ba ki, don ba na jin za a koya miki shi a aji.

Ki fara da ƙanana. Ƙarshen kowace aya akwai ɗigo uku rawaya, an kewaye su da ja. Bayan aya biyar sai kumsa, mai kai a tsine. Bayan goma sai kuri, zagayayye. Ki lura da yadda suke tafiya cikin baƙin rubutu kamar fitilu a kan hanya. Mai karatu bai ƙirga ba, amma idonsa ya san inda yake. Sannan ki fita gefe. Sumuni ƙarami ne, rubu'i ya fi shi, nusufi ya fi, izu ya fi su duka, saboda girman alama gwargwadon nisan da aka yi ne. Alamar sujada daban take da kowa, don ka hango ta tun kafin ka iso, ka shirya goshinka. Sai kin bi waɗannan duka sannan ki zo ga manyan huɗun da kike so. Idan kin zo, kada ki haɗiye su da kallo ɗaya. Ki kama zare guda da ido, ki bi shi: ya hau wannan, ya shiga ƙarƙashin wancan, ya juya a kusurwa, ya dawo. Za ki ga tabarma a ciki, za ki ga wuyan riga, za ki ga fuskar tsofaffin gidajen Damagaram. Launi uku ne kawai da farin takarda, kuma farin nan ba mantuwa ba ce, barin sa aka yi don sauran su yi numfashi. Za ki ga inda hannu ya ɗan kauce ya dawo. Kada ki kira shi kuskure da sauri. Mutum ne zaune a kan buzu da alƙalamin kara, yana yi wa maganar Ubangijinsa hidima da iyakar abin da yake da shi.

Rabi ɗaya ne ba mu samu ba. Mun zazzage kallabi, na koma shagon dattijon muka duba, babu. Baba ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada, ya miƙo min. Na ce ban iya ba. Ya ce wadda ta yi wata da watanni tana kallo ta iya. Na zana rabin a kan sabuwar takarda, ina bin abin da ɗaya rabin ya faɗa min. Jan nawa ya fi nasa haske, na so in dusashe shi da ɗan toka. Ya hana. Ya ce a bar shi, duk wanda ya zo wurin ya san an taɓa yanka, an kuma gyara. Ba zan faɗa miki izun ba. Ki nemo shi da kanki.

Mun gama ana saura 'yan kwanaki a ga wata. Ya yi karatun azuminsa da shi, yana kai fallen kusa da hanci. Azumin da ya biyo baya ba ya ganin rubutu sam, amma yakan sa in zauna kusa da shi, yana karantawa da ka, ni ina juya masa fallaye, ya ɗora yatsa a gefe ya ji tudun liƙin, ya san inda muke. Kafin ya rasu ya ce gafakar tawa ce. Tun ranar ban wayi gari ban buɗe ta ba, sai da uzuri.

Yanzu ga amsata. Falle huɗu ba za su tafi Lome ba. Alƙur'anin ne zai tafi, dukansa, da tadarishin fata da ke rufe fallayen, da gafakarsa. Na faɗa wa babanki ya amince. Kawunnanki sun yi gunaguni, sun ce ƙasar ruwa ce, laima za ta ci shi, kuma ke yarinya ce. Na ce musu ban kai shekarunki ba aka rataya min, kuma ke ba ki yanka komai ba. Ni aka ba, ni kuma na ba ki.

Kada ki sa shi a balisi cikin tufafi a jefa saman mota ƙarƙashin kayan mutane. Ki rataya, in kin zauna ki ɗora a cinya. A ɗakinki ki nema masa wuri mai tsawo, nesa da bango mai tsattsafo, ki riƙa fitar da shi ya sha iska a inuwa. Maganin laima shi ne buɗewa, don haka ki karanta, ko sumuni ɗaya ne a rana. Idan 'yan ƙasarmu da ke can za su yi sauka, ki ba su, don haka aka yi shi. Ki tsaya a mayar miki, ki bi kalmomin ƙasan shafi ki jera. Wanda ya so ganin zayyana, malami ne ko ɗalibi, ki shimfiɗa masa tabarma, ki riƙe da hannunki, ki fara masa daga farko. Wanda ya ce ki ba shi falle ɗaya kwana ɗaya kawai, ki ce a'a tun bai rufe baki ba.

Kada ki damu da ni. Jiya na biya bakin kasuwa na samo na ɗab'i, mai bango kore. Da asuba na gwada shi. Na ɓata sau biyu, don gefensa ba ya gaya min komai, amma zan saba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki, Ya tsare abin da ke wuyanki. Ya buɗe miki karatu, Ya ba ki ido mai haƙuri da baki mai faɗin gaskiya a kan lokaci. Allah Ya jiƙan kakanki, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ƙasarmu ruwa da zaman lafiya. Na yafe miki duniya da lahira. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.